Jan hatimin lauya ba ya mayar da fili naka

Wani ɗan kawuna ya sayi fuloti a bayan gari bara. Da na tambaye shi ko ya binciki takardun a ma'aikatar filaye, sai ya zaro yarjejeniyar daga aljihun gaba, ya nuna mini jan hatimi mai kama da rana a ƙasan shafi, ya ce, "Yaya, ai har notari ya buga." Bayan wata huɗu ya je zuba bulo ya tarar wani ya riga ya tayar da katanga. Shi ma wancan da tasa takardar, da nasa jan hatimin.

Ba sakarai ba ne. Abin da yawancinmu muka ɗauka ke nan: in takarda ta bi ta hannun notari, to hukuma ta shaida duk abin da ke cikinta. Wannan fahimta ce nake ganin tana cin dukiyar mutane a ɓoye.

A Najeriya notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan ƙasa ya naɗa, aka rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Yana rantsar da mutum, yana shaida sa hannu, yana tabbatar da cewa kwafi ya yi daidai da takardar asali da aka nuna masa. Ma'anar hatiminsa ita ce: wane ya zo gabana, na duba shaidarsa, ya sa hannu ina kallo. Iyakarta ke nan. Bai je ya auna filin ba, bai tambayi magada ba, bai san ko dillali ya riga ya karɓi la'ada a kan wurin sau biyu ba. Kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna. Ko hatimi goma aka jera, ba su maye gurbin wannan ba.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram za su yi mamaki, domin tsarin da Nijar ta gada daga Faransa daban ne. A can notari shi ke rubuta takardar da kansa, ya adana asalinta, kuma kotu na karɓar abin da ya ce ya gani da idonsa sai an bi hanya ta musamman an tabbatar da jabu ne. Sunan ɗaya, nauyin ba ɗaya ba. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi ya fi kowa buƙatar sanin wannan.

Ko a takardun fita waje ma, notari matakin farko ne kawai. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta taƙaita tantance takardu tsakanin ƙasashe, saboda haka ɗalibin da zai kai takardun karatunsa waje sai ya bi ta Ma'aikatar Ilimi, ya wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za shi.

A 2023 an yi sabuwar doka da ta maye gurbin wadda aka gada tun 1936, ta ba da damar yin aikin ta intanet, ana ganin juna ta bidiyo. Na yaba, musamman don mutanenmu da ke Saudiyya ko Ingila suna son wakilta wani a gida. Sai dai sauƙin ya ƙaru, ikon hatimin bai ƙaru ba.

Wani lauya zai ce aikin mai saye ne ya yi bincike, kuma da gaskiyarsa. Amma notarin da ya ga dattijo ya shigo da kuɗin sallamarsa na shekara 35 a jaka, ya kuma san cinikin biri a sama ake shirin yi, me zai rage shi in ya ce, "Baba, wannan hatimin sa hannunku kawai ya shaida, ku je ma'aikatar filaye tukuna"? Su kuwa masu buga hatimi a kan takardar da yaron dillali ya kawo a ambulan, ba tare da sun ga mai sa hannun ba, sun rushe abu ɗaya tak da aka naɗa su dominsa. Rajistar da aka rubuta sunansu a ciki, ana iya goge shi daga cikinta.

Ɗan kawuna dai yana kotu har yanzu. Bulon nan yana jibge a ƙofar gidan maƙwabci, damina ta fara cinye na ƙasa.