Sa hannu ɗaya ya share aikin kusan shekara 60

Ranar 21 ga Janairun 2025, washegarin rantsar da shi, Donald Trump ya soke umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11246, wanda Lyndon Johnson ya bayar a Satumban 1965. Umarnin ya hana duk kamfanin da ke cin kwangilar gwamnatin tarayyar Amurka nuna bambancin launin fata, addini ko asali wajen ɗaukar aiki, a 1967 kuma aka ƙara da bambancin mace da namiji. Shugabanni sun zo sun tafi ba wanda ya soke shi. Reagan, da wasu muƙarrabansa suka matsa masa, bai yi ba. Shi kansa Trump a zangonsa na farko ƙyale shi ya yi.

Hujjarsa ita ce a koma ga cancanta, a daina duba fata ko jinsi. Maganar na da daɗin ji, kuma gaskiya wasu kamfanoni sun mai da batun tafiya da kowa ado kawai: a tara ma'aikata a yi musu bita, a ɗauki hoto, a watse. Amma umarnin Johnson wani aiki daban yake yi. Kafin a soke shi, kamfani mai ma'aikata 50 da kwangilar dala dubu 50 dole ne duk shekara ya rubuta tsarinsa: su wa ke wane mataki, su wa aka ɗauka, nawa ake biyan kowa. A lokacin, jami'an ma'aikatar ƙwadago na iya zuwa su ce a buɗe musu littafi. Ware wa wani jinsi gurbi ma ƙa'idojin sun hana. Wanda ya tabbata cancanta yake bi, me zai sa ya ji tsoron a duba littafinsa?

Duk da haka ba Trump kaɗai nake ganin laifinsa ba. Masu goyon bayan wannan tsari sun sami shekaru masu yawa da za su kai shi majalisa ya zama doka, suka bar shi rataye a alƙalamin mutum ɗaya. Mun ga yadda abin ke tafiya: Trump ya hana wasu nau'o'in bitar a 2020, Biden ya soke hanin ranar da ya hau mulki, Trump ya dawo ya soke na Biden. Ma'aikaci kuwa yana tsakiya, kamar ciyawar da giwaye ke faɗa a kanta.

Dubi Samantha Elauf. Tana shekara 17 ta nemi aikin shago a kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch a garin Tulsa, ta je ganawa da ɗankwalinta a kai, aka ƙi ɗaukarta saboda shi. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, alƙalai 8 cikin 9. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ce ta cece ta, wadda majalisa ta yi, kuma har yau tana nan. Sai dai hukumar EEOC, mai yaƙi da nuna bambanci a wurin aiki, ce ta kai mata ƙarar, kuma a watan da ya dawo Trump ya sallami biyu daga kwamishinoninta.

Mu a Najeriya abin da Amurkawa suka rasa muna da shi a rubuce: raba daidai na cikin sashe na 14 na kundin tsarin mulki, akwai ma hukuma tun 1996. Shugaba ba zai wayi gari ya goge shi ba. Amma ka tambayi matashin da ya gama hidimar ƙasa yana yawo da takardunsa a Abuja. Kafin a duba jiharsa ko sakamakonsa, abin da ake fara tambayarsa shi ne wa ya aiko shi.