Biza kaɗai ba ta shigar da mutum ƙasar wasu

Jama'a ku yi haƙuri rubutun nan zai ɗan yi tsawo, amma abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Makon jiya wani ƙanina ya kira ni daga filin jirgi muryarsa na rawa, wai Yaya an hana ni hawa jirgi. Bizarsa lafiya lau, tun bara ya same ta mai shiga da fita, tikitin zuwa da dawowa na hannunsa, otal an biya, hutun aiki an ɗauka. Ma'aikaciyar kamfanin jirgin na buɗe fasfonsa ta ce saura wata huɗu ya ƙare, ƙasar da za shi kuma wata shida take so. Shi kenan fa. Ya roƙa, ya nemi ganin manaja, jirgi ya tashi ya bar shi da akwati.

Na tambaye shi, kai ba ka karanta sharuɗɗan shiga ƙasar ba? Ya ce ai ejan ne ya yi masa komai. To nan ne ciwon yake wallahi. Mun saba mu miƙa fasfo da kuɗi mu koma gefe muna jira, alhali ranar da abu ya lalace ejan yana gidansa, kai ne a tsaye gaban jami'i ana maka tambaya.

Maganar wata shidan nan ba sabuwa ba ce. Indunusiya da Tailan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida ranar da ka shiga. Ƙasashen Shengen na Turai, wato waɗanda biza ɗaya ke shigar da kai dukkansu, nasu daban ne, wata uku suke so ya rage bayan ranar da za ka fita, kuma kada fasfon ya wuce shekara 10 da bugawa, sannan in za ka nemi biza a samu aƙalla shafi biyu da ba a buga komai ba. Kuma kar a ga laifin ma'aikatan jirgi, akwai wani rumbun bayanai da suke dubawa mai suna Timatic, in suka ɗauki fasinja ba cikakkun takardu kamfanin ne za a ci tara kuma shi zai dawo da mutumin, to wa zai yarda ya ɗauki wannan asarar saboda ka yi masa magiya?

Abin da na fi so mutane su gane shi ne, biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Mai buɗe ƙofar shi ne jami'in shige da fice da ka tarar a can, kuma yana da ikon ya ce ka koma ko da bizar tana manne a fasfonka, Amurka ma ƙarara suke faɗin haka. Tambayoyin ba masu wuya ba ne, ina za ka sauka, kwana nawa za ka yi, ina tikitin komawa, da me za ka ci da kanka. Amma mutumin da bai ma san sunan otal ɗin da aka rubuta masa ba saboda wani ne ya cike fom ɗin, yaya zai amsa? Sai ya fara in-ina, jami'i kuma ya fara zargi. Ni kam duk tafiya sai na buga takardun nan a takarda na riƙe a hannu, don waya tana iya mutuwa daidai lokacin da ake buƙatarta kuma ba kowane filin jirgi za ka samu intanet ba.

Shengen ɗin ma akwai lissafin da yake kayar da mutane. Ƙasashe 29 ne yanzu, kuma kwana 90 ake ba mai yawon buɗe ido cikin kowane kwana 180, a haɗe ba kowace ƙasa nata ba, wato in ka yi wata biyu a Faransa saura maka wata ɗaya ko da Italiya ka tsallaka. Inshorar lafiyar da za ka yi dole ta iya biyan kuɗin jinya har yuro 30,000. Kuɗin neman biza yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Kuma ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta za ka nema, ba wanda aka ce maka ya fi sauƙi ba. Daga 12 ga Oktoban 2025 kuma sun fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa a kan iyaka, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakinka.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan da ake mantawa da shi sai ana gobe tafiya. Allurar sai ta yi kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka wanda ya yi ta jiya bai yi komai ba. Daɗinta tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Afirka ta Kudu ba sa wasa da katin nan ga duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar. Haka nan yada zango, ka ga tikiti mai araha ka saya ba ka duba ko ƙasar da jirgin zai tsaya tana neman bizar wucewa ba, Ingila na nemanta daga 'yan ƙasashe da dama ko da ba za su fita daga filin jirgin ba.

Na san wani zai ce ai tsarin ma babu adalci, kuma gaskiyarsa. Yana min ciwo a ce mutum ya biya kuɗi, ya tara takardu, a hana shi biza kuma ba a mayar masa da ko sisi, wani kuma saboda launin fasfonsa kawai ya cike fom a waya ya wuce. Amma don Allah kar wannan haushin ya sa ka yarda a haɗa maka takardar banki ta bogi ko wasiƙar aikin da ba ka yi. In Ingila ta kama ka da yaudara tana iya rufe maka ƙofa shekara 10, Amurka kuma har abada, kuma sunanka ne za a rubuta ba na wanda ya haɗa takardar ba.

Shi ƙanin nawa yanzu yana jiran sabon fasfo, kuɗin otal rabi aka mayar masa. Jiya ya turo min hoton shafin ofishin jakadancin ƙasar yana tambayata ko zai iya tafiya da tsohon fasfon mai biza tare da sabon, na ce ya rubuta musu da kansa ya ji daga bakinsu kafin ya sake sayen tikiti.