Wanda ya je Argungu ya leƙa Gidan Tarihi na Kanta

Jama'a, duk wanda Allah Ya kai Argungu, kada ya tsaya a bakin kogin Matan Fada ya ɗauki hoto ya juya. Ya shiga gari ya nemi Gidan Tarihi na Kanta.

Gidan tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, a nan suka zauna har 1942 da aka koma sabuwar fada. A 1958 aka buɗe shi ga masu ziyara da sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a birnin Surame. Akwai kaburburan sarakuna a ciki, don haka a shiga da ladabi.

Za ka tarar da masu da takubba da kwari da baka da layu da tambura. Ba kayan ado ba ne. Tun da Yakubu Nabame, ɗan sarkin Kabi, ya yi wa daular Sakkwato tawaye a 1849, Kabawa da Sakkwatawa suka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi don karramawa, daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Wanda ya tsaya gaban waɗannan makamai, in ya ga dubban masunta sun afka ruwa da homa da gora, zai gane sulhu ake tunawa. Wanda bai gani ba, hayaniya da kyautar mota kawai zai kai gida labari.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu. UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma yaro nawa ne a Birnin Kebbi ko Sakkwato zai iya bambanta giwan ruwa da tarwaɗa, ko ya faɗi aikin Sarkin Ruwa? Sanin kogin nan, da lokacin cikarsa da janyewarsa da kifayen da suka yi ƙaranci, yana bakin tsofaffin masunta, kuma kullum raguwa suke yi.

Malamai shugabannin makarantu, ku kai ɗalibai a ranakun da babu biki, lokacin da mai zagayawa da baƙi zai samu sukunin yi musu bayani. In kun fito daga gidan tarihi ku gangara bakin ruwa, ku roƙi wani dattijo masunci ya zauna da su, ku ɗauki muryarsa a waya.