Abin da tiramol ke yi wa ƙwaƙwalwar yaranmu

Na karanta labarinku kan matasan da ke shan tiramol kafin su shiga gona, sai dai ba ku faɗi yadda take aiki ba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke ba, akwai ɗan gibi tsakaninsu. Ɗaya takan saki sinadari, kamar serotonin ko noradirenalin, ya isar da saƙo, sannan ta zuƙe abinta ta mayar ciki, kamar yadda ƙasa ke shanye ruwan ban-ruwa. Wannan zuƙewar ce wani masanin kimiyya, Julius Axelrod, ya gano, aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Tiramol, ban da kashe ciwo, tana toshe hanyar zuƙewar. Sai sinadarin ya taru, yaro ya ji zai iya nome gonar gari shi kaɗai. In ta yi yawa, sai jijjiga.

A ƙauyenmu kusa da Ringim, ɗan ƙanena ya faɗi a kan kunya yana karkarwa, kumfa a baki. Mata suka ce iska ce. Kwana biyu ana masa tofi kafin muka kai shi asibiti. Don Allah masu kemis, ku daina sayar wa yaran nan ba takardar likita.