Galaksi masu ƙarfin rediyo: ƙirgen can nesa bai kammala ba

Idan da an baza galaksi (manyan tarin taurari) masu fitar da igiyar rediyo daidai wa daida a sararin samaniya, lissafin mai sauƙi ne: na'urar da ke jin sigina mai rauni sau huɗu za ta tarar da ninki takwas. A 1961 Martin Ryle da abokan aikinsa a Kambrij suka samu kusan ninki 12. Masu raunin sigina, wato na nesa, sun yi yawa. Tunda hasken nesa tsohon haske ne, a zamanin da irin waɗannan galaksi sun fi yawa ke nan, abin da ya raunana ra'ayin Fred Hoyle cewa sararin samaniya ba ya sauya kama.

Yau an san cewa sun fi cunkoso kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, ninki ɗaruruwa kan na yanzu. Iskar gas mai sanyi ta wadata a lokacin, galaksi na yawan karo, manyan baƙaƙen ramukan tsakiyarsu na samun abin haɗiya. A kusa da mu irin Cygnus A, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 760, ba su da yawa.

Inda nake ganin ana gaggawa shi ne iƙirarin cewa kafin wancan zamani yawansu ya faɗi warwas. Wannan fanni ya taɓa tuntuɓe: a kundin 2C na 1955, jerin siginonin rediyo da aka tattara a Kambrij, na'urar ba ta rarrabe siginoni maƙwabta da kyau, sai ta riƙa haɗa raunana biyu ko uku ta ƙirga su a matsayin guda, sakamakon ya kumbura. Matsalar yau ta fi wuya. Lokacin da faɗin sararin samaniya yake rubu'in na yanzu, ƙarfin hasken da ya saura daga farkon halitta ya ninka na yau sau 256. Elektron da ke cikin fikafikan galaksi, wato sassan gefensa biyu masu fitar da igiyar rediyo, suna asarar ƙarfinsu gare shi, fikafikan su dushe da wuri. Galaksin na nan, na'ura ce ba ta jin sa. Kuma ko an ji shi, auna nisansa sai da babban madubin hangen nesa da awoyi masu tsada.

Duk da haka a 2018 an gano galaksin rediyo TGSS J1530+1049, daga lokacin da sararin samaniya yake da kimanin shekara biliyan ɗaya da rabi, kuma bincike a ƙaramar mita ta megahaz 150 ne ya tono shi. Don haka kuɗi da lokaci su tafi ga ƙananan mitoci, irin aikin na'urorin hangen rediyo LOFAR a Turai da SKA-Low da ake ginawa a Ostireliya, tare da auna nisan kowane galaksi da aka kama.