Malamai, a daina ce wa ɗalibai bariyabul akwati ne

Ina roƙon masu koyar da rubuta manhaja, musamman da Python da JavaScript, su sake duba bayanin da suke yi a darasin farko. Kusan kowa cewa yake yi bariyabul, wato sunan da ake ba lamba ko wani abu a cikin manhaja, akwati ne da ake zuba abu a ciki. Bayanin yana saurin shiga kai, amma wallahi shi ne yake jefa ɗalibi cikin ruɗani daga baya.

Ku gwada wannan a Python. Ku rubuta a = [1, 2], wato jerin lambobi biyu, sai b = a, sai b.append(3) don ƙara 3 a jerin b, sannan ku duba a. Za ku ga [1, 2, 3]. Ɗalibin da ya haddace zancen akwati zai rantse kwamfuta ce ta yi kuskure, tunda bai taɓa a ba. Alhali alamar = ba ta kwafi jerin ba, wani suna kawai ta ƙara masa. Jeri ɗaya ne da sunaye biyu, kamar mutum mai sunan yanka da laƙabi, ko da wanne aka kira shi zai amsa. Wanda yake son kwafi sai ya nema da a.copy(), kuma idan akwai wani jeri a cikin jerin, wannan ma bai isa ba sai an yi deepcopy, wato kwafin da ke haɗawa har da jerin da ke ciki.

Abin da yake ɓoye matsalar shi ne da lambobi ake fara koyarwa, su kuwa ba sa canzawa. Idan aka rubuta b = b + 1, sabuwar lamba ake samarwa a mayar da sunan b kan sabuwar lambar. Sai ɗalibi ya zaci ya gane, har ranar da ya miƙa jeri ga wani aiki (function) a cikin manhajar ya dawo masa a canje.

Haka abin yake a JavaScript. Tun 2015 aka shigo da let da const, kalmomin ayyana bariyabul, amma har yau mutane na mamakin yadda ake ƙara abu a jerin da aka ayyana da const. Ai const sunan ya ɗaure, kada a mayar da shi kan wani abu daban. Bai hana taɓa abin da ke cikin jerin ba.

Na san za a ce sabon shiga ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ban yarda ba. Layi huɗu ne fa. A sa shi ya rubuta su da hannunsa tun a makon farko, ya ƙara da a is b, mai tambaya ko a da b abu ɗaya ne, ya ga True da idonsa, kafin a wuce darasi na gaba.