New Trier: makarantar gwamnati ce, amma kuɗin shigarta farashin gida ne

Sau biyu a shekara takardar harajin gida ke zuwa wa duk mai gida a lardin Cook da ke jihar Illinois ta Amurka. Ta biyun ita ce abin kallo, domin a jikinta an jera, layi bayan layi, duk wanda zai yagi rabonsa daga aljihunka. Ga na lardi, ga na hukumar gari, ga na ɗakin karatu, ga na masu kula da wuraren shaƙatawa, har da ɗan abin da za a ba hukumar yaƙi da sauro. Layuka biyu ne suka fi sauran ƙiba: na firamare da na sakandare. Idan gidanka a Winnetka yake, ko Wilmette, Glencoe, Kenilworth ko Northfield, garuruwan masu hali da ke arewacin birnin Shikago, to sunan da za ka gani a layin sakandaren shi ne New Trier, gundumar makaranta mai lamba 203.

Gunduma ce guda, sakandare guda, harabobi biyu: 'yan aji tara, wato shekarar farko ta sakandare, a Northfield, sauran ajujuwa uku a Winnetka. An buɗe ta a 1901, ɗalibanta kuwa sun tasam ma 4,000. A nan Donald Rumsfeld, tsohon sakataren tsaron Amurka, ya yi karatu, haka ma Rahm Emanuel da ya yi magajin garin Shikago. Kusan duk wanda ya shiga yana kammalawa, fiye da 9 cikin 10 kuma suna zarcewa jami'a ko kwaleji. Saboda haka duk lokacin da aka tashi kare tsarin barin makaranta a hannun mutanen gari, da irin su New Trier ake kafa hujja. Ni kuwa ina ganin hujjar gaskiya ce, amma rabin gaskiya, kuma rabin da ake bari a baya ya fi nauyi.

Bari in fara ba su haƙƙinsu, don sun cancanta.

Mutum bakwai ne ke riƙe da ragamar gundumar. Mazauna yankin ne ke zaɓensu na shekara huɗu-huɗu, kuma ba a biyansu ko sisi. Su ke ɗaukar babban jami'in gunduma, su ke iya sallamarsa, su ke amincewa da kasafi, su ke yanka yawan harajin da za a nema. Dokar jiha ta tilasta musu zama a bainar jama'a. Duk wanda ya ga dama zai iya zuwa, ya rubuta sunansa, a ba shi 'yan mintoci a gaban makirufo ya amayar da abin da ke cikinsa, su kuma su zauna su saurara ko da zagi ne a cikin ladabi. Haka kuma ba su da ikon tsawwala haraji yadda suka ga dama: tun shekarun 1990 doka ta ƙayyade cewa ƙarin da za su yi a shekara kada ya wuce hauhawar farashi ko kashi 5 cikin 100, duk wanda ya fi ƙanƙanta. In suna son wuce nan, ko cin babban bashi don gini, sai sun koma wurin masu ƙuri'a.

Kuma masu ƙuri'ar ba 'yan amshin shata ba ne. A watan Fabrairun 2010 hukumar ta nemi izinin cin bashin dala miliyan 174 don sake gina wani sashe na tsohuwar harabar Winnetka. Mutanen da ke tinƙaho da makarantar, waɗanda darajar gidajensu ke rataye da sunanta, su ne suka yi fatali da buƙatar da gagarumin rinjaye. Lokacin raɗaɗin rikicin tattalin arzikin 2008 bai saki mutane ba, kuma da yawa sun ga an cika buri. Hukumar ba ta yi fushi ba, ba ta kuma nemi ta bi ta bayan gida ba. Ta koma ta zauna da jama'a, ta rage aikin, ta dawo a Nuwamban 2014 tana neman miliyan 89. Aka ba ta. Shekara huɗu da 'yan watanni aka yi ana jan zaren, amma ginin da aka samu kowa ya san nawa ya ci da kuma wanda ya yarda a kashe.

Akwai wani misalin da ya fi burge ni, don ya nuna hangen nesa. A 1965, da yara suka yi yawa, aka buɗe makaranta ta biyu a Northfield. Da haihuwa ta ja baya aka rufe ta a tsakiyar shekarun 1980. Gundumomi da dama a irin wannan hali sayar da gini suka yi suka huta. New Trier ta riƙe nata, kuma da yara suka sake yawa aka share shi aka zuba 'yan aji tara a 2001.

A cikin makarantar ma akwai abin koyi. Kowane ɗalibi yana cikin wani ɗan rukuni na yara kimanin 25 a ƙarƙashin malami guda mai ba da shawara. Kullum suna haɗuwa. Shi ne zai fara lura idan yaro ya rame, ko ya daina dariya, ko makinsa ya soma zamewa, shi ne kuma iyaye za su fara bugo wa waya. Wanda ya saba da inda shugaban makaranta ke jiran takarda daga ma'aikatar ilimi a babban birnin jiha kafin a gyara rufin da iska ta yaye, kuma iyaye ba su taɓa ganin kasafin makarantar 'ya'yansu da ido ba, dole wannan tsari ya ba shi sha'awa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan ba a musu.

To amma da me mai ɗakin zai gyara yoyon?

Mafi rinjayen kuɗin New Trier daga waccan takardar haraji yake fitowa. Harajin kuwa a kan darajar gida ake yanka shi, kuma a Winnetka matsakaicin gida ya haura dala miliyan ɗaya. Lissafin ba ya buƙatar gwani. Inda gidaje ke da tsada, kaso kaɗan ma ya isa a tara tsabar kuɗi a kan kowane ɗalibi. A garuruwan talakawa na kudancin Shikago, inda masana'antu suka rufe, gidaje suka faɗi, sai an ɗora wa mutane kaso mai nauyi ƙwarai kafin a tara abin da bai kai na arewa ba. Wato talaka ya fi jin jiki, ɗansa kuma ya fi samun kaɗan. Su ma can suna da hukumar mutum bakwai, su ma suna zama a bainar jama'a, su ma suna da makirufo. Da a ce tsarin gudanarwa ne kaɗai sirrin, da sakamakon ya zo kusa da juna. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi a zaman hukumar ba: cikin wannan sakamako mai ƙyalli, nawa ne aikin makaranta, nawa ne yaro ya zo da shi daga gida? Ɗaliban New Trier da ake lissafawa cikin marasa galihu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali a makarantun gwamnati na cikin Shikago sun haura biyu cikin uku. Yaron da iyayensa likita ne da lauya, wanda aka karanta wa littafi tun yana goye, aka ɗaukar masa malamin gida ranar da lissafi ya fara ba shi wuya, ko ina ka kai shi zai ci jarrabawa. Ban ce malaman ba sa aiki ba. Suna yi, kuma gundumar na da kuɗin ɗauko ƙwararru ta riƙe su. Abin da nake cewa shi ne makin jarrabawar shiga jami'a ma'auni ne na unguwa kafin ya zama ma'aunin makaranta. Idan ana son a san ƙwazon hukuma, a duba inda yaro yake ranar da ya shigo da inda ya kai ranar da ya fita, musamman yaron da aka ajiye a rukunin ƙasa, tunda makarantar tana rarraba darussa hawa-hawa bisa ƙarfin ɗalibi. Wannan ne alƙalumman da ya kamata iyaye su riƙa nema da makirufo.

Kotuna sun daɗe da wanke hannunsu. A 1973, a shari'ar da iyayen wata unguwar talakawa ta San Antonio a Texas suka kai, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa tsarin mulkin tarayya bai hana irin wannan bambanci ba. Tsarin mulkin Illinois na 1970 ya ce jiha ce ke da babban alhakin ɗaukar nauyin ilimi, amma a 1996 kotun ƙolin jihar ta ce batun na 'yan majalisa ne. Sai a 2017 majalisar ta yi doka, Gwamna Bruce Rauner ya sa hannu, aka soma auna abin da kowace gunduma ke buƙata da abin da take da shi, a tura kusan duk sabon kuɗin jiha ga waɗanda ke can baya. Gyara ne na gaske. Sai dai dokar ba ta taɓa ko kwabo daga hannun masu shi ba, kuma ƙarin dala miliyan 350 a shekara da aka yi alkawari, a jihar da ke da gundumomi kusan 850, tafiyar hawainiya ce. Ga kuma wata ƙofa da ba a cika kallo ba: jiha ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin fanshon malaman gundumomin wajen Shikago, fansho kuwa albashi yake bi. Gundumar da ta fi biyan albashi mai tsoka ita ta fi morar wannan tallafi, daga harajin kowa da kowa.

Wani zai ce laifin me New Trier ta yi? Mutane sun ɗora wa kansu haraji don 'ya'yansu, sun sa ido an kashe shi daidai, a yaba musu mana. Na yarda, kuma ba na cikin masu ganin cewa rusa makaranta mai kyau zai gina mara kyau. Matsalata da kalmar "ta gwamnati" ce. Makarantar kyauta ce ga duk wanda ke zaune cikin iyakar gunduma, kuma sai ka kawo shaidar zama kafin a rubuta ɗanka. Iyakar nan kuwa ba hukumar makaranta ke tsaronta ba, majalisun garuruwa ne, ta hanyar dokokin da ke faɗin irin gidan da za a gina da girman filin da zai zauna a kai. In ka hana gina ƙananan gidajen haya, ka gama zaɓen ɗaliban makarantar ba tare da ka yi wa kowa jarrabawa ba.

A 2017 makarantar ta ware yini guda don tattauna gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. Wasu iyaye suka ce an karkata shirin ɓangare ɗaya na siyasa, wasu suka tsaya kai da fata a yi, ɗaruruwan mutane suka cika zaman hukumar, labari ya kai jaridun ƙasa. Hukumar ta tsaya kan bakanta, aka yi taron a ƙarshen Fabrairu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk wannan ƙura an tayar da ita ne a makarantar da ɗalibai baƙar fata da ƙyar suke kai kashi 1 cikin 100. An yi ta gardama kan abin da za a faɗa wa yara game da wariya, ba a ga irin wannan cincirindo ba kan dalilin da ya sa ajin ya zama haka.

Ba kuma yau aka fara ɗaga maganar ba. A watan Yulin 1965 Martin Luther King ya tsaya a dandalin garin Winnetka, gaban dubban mutane, yana kira da a buɗe ƙofar gidajen yankin ga kowa. A 2003 jihar ta yi doka tana neman garuruwan da gidaje masu sauƙin kuɗi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba su fito da shirin gyara. Winnetka ta shafe shekaru tana nazari da rubuce-rubuce. A ƙarshen 2011, bayan zazzafar adawa daga wasu mazauna, majalisar garin ta naɗe shirin ta ajiye.